Gidan da Ke da Kaka Ba Ya Rasa Dariya

"Kaka, ga man fatar nan an kawo miki." Ta ɗago kai, ta gyara zama, ta ce, "Sata? Wa aka kama?" Kafin a gama yi mata bayani ta riga ta ambaci mutum biyu da ta daɗe tana zargi, ta kuma aika a ɗauko mata jakarta ta duba. Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da tsohuwa ya san irin wannan rana, ya kuma san yadda ake danne dariya har sai an fita daga ɗakin.

Mu da muka shafe shekaru tare da kakanni, wasu na jini, wasu kuma jinya ce ta haɗa mu da su, shaidarmu ɗaya ce: kusan duk abin dariyar da tsohuwa ke yi yana da dalili a jikinta. Wanda ya san dalilin, tare da ita yake dariya, ba ita yake yi wa ba. Kuma shi ne ke gane ranar da abin ya tashi daga wasa ya koma na asibiti.

A ɗauki maganar fata da sata. Kunnen tsufa ba lokaci ɗaya yake toshewa ba. Siraran sautuka yake fara zubarwa, irin su s, f, sh, ts da t, amma wasula da karin murya, da yake suna da kauri, suna shiga lafiya lau. To fata da sata wasulansu ɗaya, karinsu ɗaya, harafin farko kaɗai ya raba su, shi ne kuma wanda bai isa kunnen ba. Sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da ya fi daɗin labari. Idan ta ce, "Ina jin ki, ganewa ce ban yi ba," gaskiya ta faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai takura rayuwa. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ɗaga murya. Ihu yana sirantar da murya, ya ɓata fuska, ya sa ta ji kamar faɗa ake mata. Abin da ke aiki shi ne a kashe rediyo ko talabijin, a tsaya gabanta inda haske ke faɗa wa fuskar mai magana, tazarar kamar mita ɗaya, a kira ta tukuna ta juyo, sannan a kaurara murya a yi magana a tsanake. In ba ta gane ba, kada a maimaita kalmar sau biyar, a canza ta: maimakon man fata, a ce man shafawa. Wannan ne ma sirrin zargin da ake mata cewa tana jin wanda take so ne kawai. Jikanta mai kaurin murya tana jin sa tas, jikarta mai siririyar murya kuwa sai ta yi ta faɗa da iska. Amma a yi gulmarta cikin raɗa a ƙarshen falo, nan take za a ji, "Ni kuke nufi ko?" Sunanta ta tsinta, fuskokinku kuma suka ƙarasa mata sauran, labarin zuciya a tambayi fuska.

Kafin a yanke cewa tsufa ne, a sa ma'aikacin lafiya ya leƙa kunnen, domin sau da yawa datti ne ya taru ya toshe, wankewa kawai yake buƙata. Tsinken auduga tura shi ciki yake yi. In kuma an saya mata na'urar ji ta kama fito, har ta ce akwai gyare a ɗakinta, na'urar ce ba ta zauna daidai a kunne ba ko an ƙure mata ƙarfi, sauti yana fitowa yana komawa ciki.

Sai labari. Kowace kaka tana da guda uku ko huɗu da gida ya haddace, har yara kan riga ta faɗar ƙarshen. A lura da kyau, kusan dukansu daga ƙuruciyarta suke: ranar da ta fara tafiya mai nisa, shekarar da ruwa ya ci gari, haihuwar fari. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano cewa abin da tsoho ya fi tunawa shi ne abin da ya same shi tsakanin shekara 10 zuwa 30, lokacin da komai sabo ne. Abin da ke raunana kuma ba labarin ba ne, tuna wa aka ba shi ne. Ta san labarinta sarai, ba ta dai tuna cewa jiya ma ke ta ba shi. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Robert Butler, ya rubuta tun 1963 cewa wannan waiwaye da tsofaffi ke yi ba lalacewar hankali ba ce, aiki ne na tattara rayuwa da sasanta kai da abin da ya wuce.

Saboda haka "Kaka, kin faɗa mana" ba ta da amfani, kunya kawai take jawowa, ko fushi. Dabarar ita ce a shiga labarin ta gefe. A tambaye ta, "A ranar wa ya raka ki?" ko "Shi wannan mutumin daga baya ina ya ƙare?" Sai ka ga ƙofa ta buɗe zuwa wani labarin da ko 'ya'yanta ba su taɓa ji ba, wani lokaci har da sunan wanda ya fara neman aurenta kafin kakanku, abin da zai sa babanku ya tashi ya bar wurin. Kada kuma a yi mata gyara in macijin bara mai tsawon hannu ya zama mai tsawon ɗaki a bana. Macijinta ne. Abin lura dai shi ne bambanci tsakanin maimaita labari bayan kwana biyu da maimaita tambaya ɗaya sau biyar cikin minti goma, ko ɓata a hanyar da ta sani shekara arba'in. Na farko tsufa ne, na biyu yana buƙatar likita. Cutar mantuwa ba dole ce ta tsufa ba, cuta ce mai suna, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nata nau'in da ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906.

Bakin kaka kuwa ba shi da birki. Baƙo zai shigo da kwalliyarsa ta ce, "Kai, ka yi ƙiba, lafiya?" Ta dubi wanda jikarta ta kawo gaisuwa ta tambaya a gabansa ko wancan dogon fa, ina ya shiga. Rabin abin 'yanci ne, ta wuce shekarun neman yabo. Rabin kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa ne, wanda ke tare magana kafin ta fito, yana daga cikin sassan da tsufa ke fara taɓawa. Gyara a gaban mutane ba ya yi. A shirya baƙo tun daga ƙofa, a ce masa mai gidan tana ciki kuma ba ta rufe gaskiya. Yawancin baƙi da dariya suke fita, su ne ma ke dawowa. Amma mai kunya da kawaici duk rayuwarta, in ta koma zagi da batsa cikin 'yan watanni, wannan ba hali ba ne, a kai ta a duba.

Akwai kuma farautar safiya: tabarau, makulli, haƙoran roba. Tabarau yana saman kanta, makulli yana inda ta ɓoye shi don kada ya ɓata. In ta ce an sace, kada a yi musu, kada kuma a tsayar da yara layi ana tuhuma. A ce, "Bari mu duba tare." Kowace tsohuwa tana da maɓoya biyu ko uku da ba ta canzawa, ƙarƙashin katifa, cikin rigar matashi, ƙasan akwati, kuma wanda ya san su ya huta. A bar ta ita ta gano abin da hannunta, domin in kai ka miƙo shi da sauri ka tabbatar da zargi. A yi wa tabarau igiyar wuya, a ajiye na biyu, a yanka makulli na ajiya. Haƙoran roba kuwa hanya ɗaya suke ɓacewa: an naɗe su a takardar goge hannu an ajiye gefen faranti, mai kwashe kwanuka ya zuba a shara. A ware musu kofi mai murfi mai launin da ba a mantawa, a cire su da dare a jiƙa a ruwa mai sanyi. Ruwan zafi yana lanƙwasa su su daina zama a baki. In za a goge su, a yi a saman kwano mai ruwa ko tawul, don in sun suɓuce kada su fashe. In suka fara rawa a baki har tana magana suna gaba tana baya, dasashi ne ya motse, gyaran likitan haƙori suke so, kuma ana iya gane haka daga yadda ta fara barin abinci mai tauri.

Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Agogon jikin tsoho yana matsawa gaba: gyangyaɗi tun ƙarfe takwas na dare a gaban talabijin, tana rantsuwa cewa idonta biyu, hutar da shi kawai take, sannan ƙarfe huɗu na asuba ta farka garau tana mamakin lalacin mutanen zamani. Barcin ya rage nauyi, amma buƙatarsa ba ta ragu sosai ba, awa 7 zuwa 8 ne har yanzu. A fitar da ita hasken yamma, a taƙaita barcin rana zuwa rabin awa, a daina shayi da kofi bayan azahar. In tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, a tambayi likita a mayar da shi safe. Maganin barci kuwa a guje shi in ba likita ya rubuta ba, yana kawo jiri da faɗuwa.

"Abincin nan ba gishiri." Akwai gishiri, harshe da hanci ne suka dushe. Ƙara shi haɗari ne ga mai hawan jini, tunda abin da aka yarda wa babba a rana bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin abincin gwangwani da sinadaran ɗanɗano. A ƙara ƙamshi da ɗan tsami, a kawo abincin da ɗuminsa. Rikicin ruwa ya fi wannan. Ƙishirwa tana raguwa da shekaru, ga tsoron yawan zuwa banɗaki, sai ta wuni da kofi ɗaya tana cewa ita ba kifi ba ce. Tambayar "za ki sha ruwa?" amsarta a'a ce kullum. A zuba rabin kofi a miƙa, a zauna a sha tare, ko a aiko ƙaramin jika da shi, don ba ta iya mayar da hannunsa. Kofi shida zuwa takwas a wuni, mafi yawa kafin yamma, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Fitsari mai duhu alama ce cewa bai isa ba.

Magani shi ne inda wayonta ke fitowa. Ta karɓa da godiya, ta kai baki, bayan mako a ɗaga matashi a tarar da ƙwayoyi a jere kamar an shanya. Kafin faɗa a nemi dalili: ƙwayar ta yi girma, ko tana sa ta jiri, ko ta ga ta warke. A sayi akwatin magani mai gida bakwai, mutum ɗaya ya riƙa cika shi rana ɗaya a mako, don in hannu ya yi yawa za a ba ta sau biyu ko a tsallake. Kada a daka ƙwaya ba tare da tambayar mai harhaɗa magani ba, wasu an yi su ne su narke a hankali cikin awoyi, in aka daka sai duka ya shiga jini lokaci ɗaya. A kuma sa ido kan zumuncin ƙwaya tsakaninta da ƙawayenta, "wannan shi ya taimaki gwiwata, gwada." Magungunan ciwon gaɓɓai irin ibuprofen da diclofenac suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini. Duk ranar asibiti a zuba duk abin da take sha a jaka ɗaya a kai, har da wanda ta ce ba magani ba ne.

Sanda kuwa, ta ce ta tsofaffi ce. Mai shekara 85 ke faɗar haka. In ta karɓa ma, nuni take da ita, da janyo abin da ya yi nisa, da tsoratar da jikan da ya ƙi aike. Duk da haka a daure, domin kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ƙashin mace bayan ɗaukewar al'ada yana rage ƙwari, karayar ƙugu kuma ita ce ke kwantar da tsohuwa mai yawo. Tsayin sanda: ta tsaya da takalminta, hannu a sake, kan sandar ya zo daidai tsintsiyar hannu, yadda in ta riƙe gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe. Ana riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, ba mai ciwo ba, abin da kusan kowa ke juyawa. Hawa matattakala da ƙafa mai lafiya ake farawa, sauka da mai ciwo. A duba robar gindin sandar, in ta side a canza. A ɗauke ƙananan shimfiɗu masu zamewa da wayoyin wuta daga hanya, a raba ta da silifas ɗin da ya saki, ko da za a yi kwana uku ana gaba. A bar fitila tsakanin gado da banɗaki, domin idon mai shekara 60 yana buƙatar haske kusan ninki uku na mai shekara 20. A kafa ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki. Kujerarta ta zama mai hannu, mai tauri, tsayin kamar santimita 45, ba mai laushin da ke haɗiye mutum ba. In za ta tashi daga kwance, ta zauna bakin gado minti ɗaya tana motsa ƙafa, saboda jini kan sauka in an miƙe da sauri, hajijiya ta kwashe mutum.

Ranar da ba a dariya ita ce ranar da canji ya zo farat ɗaya. Jiya lafiya, yau tana kiran jika da sunan yayarta da ta rasu, tana ganin mutane a bango, ko ta yi shiru tana ta barci. Yara za su so yin dariya, manya su ce ruɗin tsufa ne. Ruɗewar da ta zo cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu yawanci wata cuta ce a ƙasa: ciwon mafitsara ko na huhu, ƙarancin ruwa, faɗuwar suga, taurin bayan gida, ko sabon magani. Tsoho na iya ɗauke da cuta mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba. A tafi asibiti a ranar, in an magance tushen sau da yawa hankali yana dawowa. In kuwa baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, kada a ba ta ruwa ko abinci, a tafi nan take, domin allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin kimanin awa huɗu da rabi.

Masu cewa kaka nauyi ce ba su yi lissafi ba. Wata mai bincike, Kristen Hawkes, da abokan aikinta sun zauna da mutanen Hadza na Tanzaniya, suka ga tsofaffin mata suna cikin masu fi kowa aikin nemo abinci, kuma yaran da aka yaye suna dogara da su sosai. Wani nazari na bayanan ƙauyukan Gambiya da aka buga a 2000 ya nuna yaran da kakarsu ta wajen uwa ke raye sun fi samun ƙoshi da tsira. Kaka dai ba ta buƙatar nazari, ta san jaririn da ya ƙi kowa a cinyarta yake barci. Don haka kada a yi mata ritayar dole da sunan tausayi. "Kaka, ki huta" sau goma a rana kashe jiki ne. A ba ta aiki na gaske wanda za ta yi a zaune: ninke wanki, tsince hatsi, sa ido kan mai rarrafe, jin karatun yara ko da ba ta san darasin ba. In ta ninke a karkace, kada a sake ninkewa a gabanta.

Gidan da ya haɗa kaka biyu, ta wajen uwa da ta wajen uba, shi ne ya ci riba. Gaisuwarsu ta safe gasar ciwo ce: wannan ta ce gwiwa ta hana ta barci, waccan ta ce ai ke kin ma kwanta. Suna musu kan wa jariri ya ɗebo, kowacce tana ganin hancin danginta. Suna faɗa kan fanka, ɗaya tana jin sanyi saboda kitsen ƙarƙashin fata ya ragu, ɗaya tana neman iska. Dokokin zaman lafiya kaɗan ne: kowacce da kujerarta da kofinta da wurin ajiyarta, tsaraba iri ɗaya launi daban, a miƙa a lokaci ɗaya, magungunansu a rabe da suna da manyan haruffa, kuma kada jika ya kuskura ya yanke hukuncin wadda ta fi iya girki. Kada a yi saurin shiga tsakani, mafi yawan faɗan nishaɗi ne. A kwantar da ɗaya asibiti a gani: ɗayar ce za ta ƙi cin abinci, tana tambayar yaushe za a sallamo waccan mai taurin kan.

Waya ma fage ce. In allon ya ƙi jin yatsanta, ba rashin iyawa ba ne, bushewar fata ce, ɗan man shafawa ko alƙalamin taɓa allo yana gyarawa. A ƙara girman rubutu, a sa hotunan mutane kan lambobinsu, a koya mata saƙon murya, sannan a shirya karɓar na minti tara wanda rabinsa magana take da wani a ɗaki. A kafa mata doka ɗaya: duk wanda ya kira yana neman lambar sirri ko kuɗi, ko da ya ce jikanta ne yana cikin matsala, ta kashe ta kira wani a gida.

Wayar nan kuma ita ce abin ɗaukar muryarta. A zaɓi hantsi, lokacin da ta fi kuzari, a kashe fanka saboda ƙara, a ajiye wayar kusa da ita kamar tsawon hannu, kada a wuce minti ashirin zuwa talatin. "Ba mu tarihinki" tambaya ce mai kashe baki. A kawo tsohon hoto a ce, "Kaka, wannan ta gefen hagu wace ce?" A rubuta sunayen a bayan hoton da fensir, biro yana huda takarda ya ɓata fuska. A fara kowane ɗauka da faɗar ranar da cikakken sunanta, a tura kwafi ga mutum biyu a dangi kafin wayar ta faɗa ruwa. In ta gane ana ɗauka za ta gyara murya, ta ce a goge inda ta zagi surukinta, sannan ta nemi a kunna mata ta ji, ta saurara har ƙarshe ta ce wannan tsohuwar da ke magana ba ita ba ce.